Dutsen Maikano

A ƙofar gidan marigayi Alhaji Datti, a Birnin Kudu, akwai wani dunƙulen dutse mai launin toka. Tsayinsa bai wuce gwiwa ba, amma faɗinsa ya ishi dattawan unguwa su zauna su yi gulmarsu ba tare da kafaɗa ta gogi kafaɗa ba. Samansa duk sawun ƙafa ne, na mutum ɗaya, sun hau kan juna suna zagaye kamar na jakin da aka ɗaure a turke. Kowa ya san sawun nan. Yara kan zura ƙafarsu ciki su gwada, awaki kan sha ruwan da ya kwanta a ciki bayan an ɗauke ruwan sama. Amma ta bayan dutsen, ɓangaren da ya fuskanci katanga, can ƙasa inda kaji kaɗai ke bi, akwai wani ɗan zane da bai fi tafin hannu ba: layuka ne da suka lanƙwasa suka shige cikin juna, da shaidar babban yatsa a inda suka ƙare. Sai an tsuguna ake ganinsa, kuma masu zama a kan dutsen ba su zo tsugunno ba.

Wannan dutse ba ya cikin duwatsun da kakanni suka tarar a garin. Maikano magini ne ya yi shi, kuma ba da niyya ba.

A Basirka aka haifi Maikano, a ƙasar Gwaram. Ya sami sunan ne saboda ranar da aka haife shi mahaifinsa yana Kano. Shi kansa bai taka birnin ba sai da ya yi furfura, ya kuma dawo yana cewa an cika zuzutawa. Gidansu a da masu shanu ne, annoba ta share garken, ya rage musu sanduna da labari. Sai aka ba da shi ga wani magini. Bai iya ɗora tubali a miƙe ba, duk katangar da ya ja sai ta yi ciki, amma ranar da aka sa shi yaɓe, maigidansa ya dawo ya tarar ya cika bangon da zane da yatsunsa. Ya sha duka, sannan mai gidan da ake ginawa ya ce kada a goge. Daga nan ya sami sana'a.

Ya zo Birnin Kudu kafin a sami 'yancin kai, da matarsa Tani da jaki ɗaya. Aikinsa shi ne fuskar soro. Idan magina sun gama, sai a kira Maikano ya yi wa gida fuska. Zai haƙo jar ƙasa, ya zuba mata ciyawa da kashin doki, ya kwarara ruwa, ya naɗe wando ya shiga yana tattakawa yana waƙa. Idan ta haɗu sai ya lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, ba ya ɗaga tabarma ko ya leƙa, don a cewarsa ƙasa tana da kunya. Sai ta tsima, ta fara wari har maƙwabta suna amsa gaisuwa da hannu a hanci, sannan ya ce ta nuna.

Ba shi da kayan aiki sai yatsunsa da ruwan bakinsa. Kuma ba ya sauri. Zai ja layi ɗaya, ya sauko ya ci goro, ya tsoma baki a shari'ar da ba tasa ba, ya je salla, ya dawo ya ga layin bai yi masa ba. Sai ya guntsi ruwa ya fesa, ƙasa ta yi laushi, ya shafe ya sake. Yakan yi takobi da allo da buta, daga baya zamani ya kawo keke da agogo. Shekarar da aka sami 'yanci ya yi tuta a soraye da yawa, ƙasa ba ta da kore, saboda haka kowa ya cika launin da idonsa.

Amma aikin da aka fi saninsa da shi jirgin sama ne. Mahaifin Datti ya dawo daga Makka ya ce a yi masa jirgi a fuskar zaure, don mai wucewa ya san da wa yake magana. Maikano bai taɓa ganin jirgi ba sai can sama, kamar tsinken sakace. Ya yi abin da ya iya, ya fito kamar zabuwa ta ji tsoro. Damina ta zo ta lashe rabinsa. Da rani aka kira shi gyara, a lokacin wani alhajin ya gaya masa ai jirgi ba shi da baki, sai ya cire bakin. Wata shekarar ya ji yana da tagogi, ya sa tagogi. Wata shekarar aka ba shi labarin tayoyi. Haka jirgin nan ya yi ta girma a bango kamar ɗan mutum, har direbobin da suka saba zuwa filin jirgi na Kano suka daina dariya idan sun wuce.

Maikano bai taɓa ganin cewa damina tana da hannu a wannan ba. Shi a wurinsa damina ɓarauniya ce. Duk shekara ruwan farko ya sauka, zai tsaya a bakin zaurensa yana kallon sama kamar mai shirin kai ƙara.

Yakan ce wa abokinsa Hambali mahauci, wanda teburinsa ke kallon gidan su Datti, "Ka ga shanun nan da ke zane a jikin duwatsun bayan gari? Wanda ya yi su ko ƙahon kirki bai iya ba. Amma ga su nan, ba wanda ya san farkonsu. Ni kuwa in na mutu da rani, kafin kaka an manta an yi ni."

Hambali ya ce, "Mu dai za mu tuna ka. Warin ƙasarka ba ya fita hanci."

Abin da yake so ke nan a duniya, kuma bai ɓoye wa kowa ba: aiki ɗaya tak da ruwa ba zai ci ba, wanda za a nuna a ce na Maikano ne.

Yana da wata magana da yake maimaitawa har mutane suka haddace. "Zane a hannu yake. Ƙasa 'yar aike ce kawai. Ku ba ni malmalar tuwo, in zana muku masallaci da hasumiya."

Tani, wadda ita ma ta san ƙasa don da ita ake daɓe a rabin ɗakunan amaren unguwa, takan amsa daga madafa. "Malam, 'yar aiken nan dai ita ke jiranka ka gama surutu. Ban taɓa jin ka ce mata sannu ba."

"Ana yi wa ƙasa sannu?"

"Ni ma ai ba a yi mini, ga shi ban fasa jira ba."

Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Ba a ga fetur ɗin a Birnin Kudu ba, amma an ga abin da ya haifa: kwanon rufi, rediyo mai kaset, babura, da siminti. Duk wanda ya sami kwangila ko ƙarin albashi, abu na farko sai ya rushe soron ubansa ya ja bulo. Bangon bulo kuwa ba ya neman fuska, a shafe shi sumul a watsa masa fenti, shi ke nan. Masu kiran Maikano da rani suka ragu. Ya koma yana zama wurin Hambali yana korar ƙuda kyauta, yana kallon birkiloli yana tsaki.

Ya kalle su da kyau kuwa, kada a ce bai kalla ba. Ya ga suna kwaɓa simintin su ɗora shi nan take, ko numfashi bai yi ba. Nan ya gano abin da ya sa bangonsu ba shi da rai, yake kuma tsagewa.

Ya ce, "Ɗanye suke ɗora shi, Hambali. Yaran zamani ba su da haƙuri. Abu ya zo tun daga bakin teku a cikin takarda, ba za a bar shi ya huta ya tsima ba?"

Datti, wanda Maikano ya sani tun yana yawo ba wando, yanzu ya zama Alhaji Datti ɗan kwangila. Ya sayi fili kusa da gidan ubansa ya tayar da gida na bulo, da wata ƙatuwar ƙofa da mota za ta shiga. Wata safiya ya tsallako wurin Hambali da babbar rigarsa, ya rusuna kaɗan.

"Baba Maikano, jirgin nan na gidan Baba nake so a sabon gida. Amma da siminti, wanda jikokina za su gani. Za ka iya kuwa? Na ji an ce abin ba ɗaya ba ne."

Maikano ya ji kamar an buɗe masa ƙofar da ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya juya su a gaban Alhaji.

"Alhaji, jirgin yana nan ciki. Abin da za a zuba shi a kai, wannan ba matsalata ba ce."

Alhaji ya kira Salihu, birkilan da ke masa aikin, mutumin Gwaram ne mai sanyin magana, ya yi shekaru yana gini a Kaduna. Salihu ya ce, "Baba, in ka shirya sai ka yi mini magana, in riƙa kwaɓa maka kaɗan-kaɗan. Shi wannan abin..."

"Salihu, ina kwaɓa ƙasa uwarka tana tallan gyaɗa a kasuwar Gwaram. Ka gaishe ta."

Salihu ya yi murmushi ya ce za ta ji.

A lokacin siminti wahalar samu yake, sai mai hanya. Alhaji ya tara nasa a wani ɗaki ya sa kwaɗo, ya ce wa maigadi duk abin da Baba Maikano ya nema a ba shi. Sannan ya tafi Kano karɓo sabuwar mota. Salihu kuma aka yi masa haihuwa, ya tafi Gwaram suna. Maikano ya ga babu lokacin da ya fi wannan, ba mai tsaya masa a ka.

Ya zaɓi wuri mai kyau, fili, daidai bakin babbar ƙofar, don ya zama kusa da bango. Ya sa maigadi ya yi ta fito da buhuna. Maigadi ya tambaya ko ba su yi yawa ba, Maikano ya ce jirgi ne za a yi, ba keke ba. Ya farke su ya zazzage, ya haɗa da yashin Salihu, ya kawo ciyawarsa, ya kawo kashin doki mai kyau da ya roƙo tun daga bargar hakimi. Ya kwarara ruwa, ya naɗe wando, ya yi bismilla ya shiga.

Bai taɓa taka abu mai daɗin wannan ba. Sumul, ba tsakuwa, ba ƙaya. Ya yi ta zagaye yana waƙa, yana ɗaga murya don Hambali ya ji.

"Hambali! Har ɗumi take yi! Ka taɓa jin ƙasa mai ɗumi?"

"Zazzaɓi ne ya kama ta, ta ga wanda ya hau ta."

Da ya gama ya tattara gefen ya yi mata tudu. Ya zagaya baya ya tsuguna, ya ja yatsunsa a jikinta kamar yadda ya saba yi wa kowace ƙasa, don ya ji laushinta. Bai ko kalli abin da ya ja ba, hankalinsa na kan tabarmi. Ya lulluɓe ta ruf, ya danne gefuna da duwatsu, ya yi wa maigadi kashedi kada ko akuya ta leƙa.

A gida ƙafafunsa suka fara zafi, washegari fata ta soma saɓulewa. Tani tana shafa masa man shanu tana kallon tafin.

"Malam, abin da ya yi wa ƙafarka haka tun a gaisuwar farko, anya yana son ka?"

"Ƙarfi ne. Ƙasa mai ƙarfi haka take."

Da ɗingishi ya riƙa zuwa safe da yamma yana yayyafa wa tabarmin ruwa. Bai yi fashi ba. Ya ma taɓa ganin birkiloli suna ba bulo ruwa, saboda haka ya san ko a nan sun yarda da shi. Daga baya Salihu ya ce a duk shekarunsa na Kaduna bai taɓa ganin simintin da aka kula da shi aka shayar da shi kamar wannan ba, shi ya sa ya yi irin ƙarfin da ya yi.

Abu ɗaya ya dami Maikano, wari bai zo ba. Ya sunkuya ya shinshina, shiru. Ya ƙara mata kwanaki. Da ya ji labarin Alhaji na hanya, ya ce to, ko ba wari a fara, wataƙila ƙasar Turawa ba ta yi.

Ya zo da hantsi da hauyarsa, ya kira Hambali da duk wanda ke kusa su zo su ga yadda ake yi. Mutane suka taru, har da masu zuwa asibiti da suka tsaya da kwanukan abinci a hannu. Ya janye duwatsu, ya kama tabarma ya ja. Tabarma ta ƙi. Ya ja da ƙarfi, ta yage ta bar rabinta. Ya ce mannewa ta yi, alama ce mai kyau. Ya ɗaga hauya sama ya sara.

Ƙarar da ta tashi, sai da tantabarun gidan hakimi suka watse. Hauya ta yi tsalle ta bar hannunsa, ruwanta ya lanƙwashe kamar kunnen kare.

Sai Hambali ya matso, ya ƙwanƙwasa tudun da ƙotar wuƙarsa, ya kara kunne.

"Maikano, ina jin ba ta nuna ba. A ƙara mata kwana biyu."

Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa don dariya, miyar majinyacinta ta zube. Maikano ya zagaya tudun yana danna shi da yatsa nan da can, yana neman wuri ɗaya mai laushi. Ya guntsi ruwa a buta ya fesa. Ruwan ya gangara ya kwanta a cikin sawun ƙafarsa.

Ana cikin haka aka ji hon. Sabuwar Fijo fara ta shawo kwana, kujerunta ko ledar ba a cire ba, yara na binta. Ta zo daidai ƙofar da aka gina dominta ta tsaya, don babu hanya. Alhaji Datti ya fito. Ya dubi tudun, ya dubi ɗakin simintin da ke buɗe wayam, ya dubi Maikano. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Baba Maikano, wannan ne jirgin?"

Hambali ya ce, "Filin saukarsa ne, Alhaji. Jirgin na tafe."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna wannan mutumin ya taɓa ɗauke shi daga cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana yaro ya wanke shi. Ya rufe bakin. Ya ce wa direba ya kai motar gindin bishiyar maina. Nan ta riƙa kwana, tsuntsaye suna yi mata ado.

Aka kawo majiya ƙarfi da guduma da diga. Suka yi yini suna dukan abu, suka ɓantare ɗan gefe, ƙotar guduma ta karye. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna, Dutsen Maikano, har masu motar haya suna cewa akwai mai sauka a Dutse.

Da Salihu ya dawo, shi ne ya roƙi Alhaji a sake ba tsohon dama. Aka samo buhu ɗaya. Salihu ya kwaɓa kaɗan a kwanon sarki, ya miƙa masa cokalin birkila. Maikano ya ture cokalin ya sa hannu.

Ya ɗora a bango ya fara fiffike. Abin ba ya bin yatsa. Inda ƙasa za ta miƙe ta biyo shi, wannan sai ya tsinke ya zubo. Ya lallaɓa dai ya sami rabin fiffike. Sai ga wani tsohon abokinsa daga Wurno, dole a gaisa, a tambayi gida da gona da ciwon ƙafa, a fasa goro. Aka kira azahar. Da ya dawo ya ga fiffiken ya karkace kaɗan, abin da bai kai a yi magana ba. Ya guntsi ruwa ya fesa, ya sa babban yatsa zai gyara. Yatsan ya goge, ya yi jini.

Salihu ya ce a hankali, "Baba, shi ba a dawo masa. Abin da za ka yi, ka gama shi a kanka tukuna, sannan ka zo ka sauke da sauri. Akwai masu yi a Kano da Zariya, da cokali, yana kyau ƙwarai."

Maikano ya tsaya yana tsotsar yatsa. Ya nemi jirgin a kansa, ya ga babu. Bai taɓa sanin yadda zane zai kasance ba sai yana cikin yinsa. Yakan ja, ƙasa ta nuna masa, ya ƙi, ta jira, ya dawo. Jirgin gidan mahaifin Datti ma ba ranar da ya zauna ya san shi gaba ɗaya.

Ya wanke hannu ya ce, "Salihu, kankare wannan tun bai zama ƙanin wancan ba. Ka shafe bangonka."

Aka shafe bango aka yi masa koren fenti. A gida Tani ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ajiye masa tuwo, ta tura malmala ɗaya gabansa ta ce, "Ga shi, in masallacin ya taso maka."

Daminar wannan shekarar ta zo da ƙarfi. Maikano ya rage fita, don duk inda ya bi sai wani ya tambaye shi ko ta nuna. Jirgin tsohon gida ya rasa tayoyi, ya rasa tagogi, ya koma zabuwar farko, sannan ya zama tabo. Da rani ya shigo ba wanda ya aiko a gyara, 'yan gidan suna shirin jan bulo su ma.

A ranin nan ne masu aikin hanya suka sauka kusa da gari da katafila. Alhaji Datti ya san shugabansu, ya roƙi arziki. Ya aika wa Maikano cewa gobe za a tumɓuke dutsen a kai shi rami a binne, ya zo ya gani da idonsa, hankalinsa ya kwanta. Da kyakkyawar niyya ya aika. Tani ma ta ce alhamdu lillahi, a huta da sunan nan.

Maikano ya riga kowa zuwa. Tun ranar da aka shafe bango bai matso kusa da abin ba, ko wucewa zai yi sai ya kau da kai. Ya zagaya shi. Ga sawunsa, har da tsagar da ke diddigensa na hagu. Ya bi ta baya, tsakanin dutse da katanga, ya kori wata kaza, ya tsuguna don ƙafarsa ta gaji.

Nan ya gan shi. Layukan da ya ja ranar kwaɓi ba tare da ya duba ba. Damina guda ta bi ta kansu, ba ta ɗauki ko ƙwayar yashi ba. Ya sa yatsunsa a ciki, suka zauna daidai. Ba jirgi ba ne, ba takobi ba ne, ba komai ba ne, abin da hannu ke yi ne idan mai shi yana tunanin tabarma. Ya daɗe yana kallo. Ya so ya ce lanƙwasar ƙarshe ta ɗan yi faɗi, sai ya tuna ba a dawo masa.

Katafila ta iso tana huci, gari ya biyo ta. Direban ya sauke bakin ƙarfen ya matso. Sai aka ga Maikano ya fito daga bayan dutse, ya hau, ya tanƙwashe ƙafa a tsakiya, ya ciro goro.

Direba ya yi hon. Maikano ya ɓare goro.

Alhaji ya matso yana tattare riga. "Baba, sauko mana, mutanen nan aron su na yi."

"Ba na sauka."

"Haba Baba. Abin nan fa shi ake tsokanarka da shi. Yau za a rufe maganar."

"Alhaji, me ka ce mini ranar nan? Ka ce wanda jikokinka za su gani. To ga shi. Guduma ta gwada, damina ta gwada. Akwai aikin Salihu da aka kawo wa katafila?"

Salihu daga cikin taro ya ce, "Babu, Baba."

Hambali ya ce, "Maikano, kunya fa ake so a binne maka."

"Kunyar wa? Tawa ce. Sunan wa ake kira in za a sauka a mota? In kun binne, me ya rage, koren fenti?"

Alhaji ya ce, "To motata fa? Shekara guda tana kwana a waje kamar ba ta da gata."

Maikano ya nuna katangar gefe da goron hannunsa. "Bulo ne. Ba ka ce abin zamani ba ya wuya ba? A fasa can."

Alhaji Datti ya dubi katanga, ya dubi tsohon da ke zaune a kan simintinsa yana tauna. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ta dariya har ya dafa katafila, ya ƙone hannu. Ya ce wa direba tunda an riga an zo, a fasa katangar gefe. Shi ya sa har yau ƙofar motar gidan take kallon lungu, babbar ƙofar kuma aka toshe ta.

Maikano bai nuna wa kowa zanen baya ba. Sorayen da ya yi wa fuska duk sun tafi, wasu ruwa, wasu bulo, kafin shi kansa ya tafi. Ya zauna a kan dutsen ranar nan har katafila ta gama ta juya, don bai yarda da direban ba. Sannan ya sauko da ƙyar, Salihu ya riƙe masa hannu.

Da ya isa gida Tani ta ce akurkin kajinta ya tsage tun damina, ta gaji da faɗa. Ya ɗauki hauyar da maƙeri ya miƙe masa, ya haƙo jar ƙasa a bayan gida, ya zuba ciyawa da ruwa, ya naɗe wando ya tattake ta. Ya lulluɓe da tabarma, ya danne gefen da dutse, ya ce mata kajin su yi haƙuri sai ta nuna.